Saja Sila Ya Yi wa Injin Gyaɗa Kwalliya

A Zuru da wuya ka shiga gidaje a jere ba ka tarar da hoton soja rataye a bango ba. Wani na kaka ne, wani na uba, wani na ɗa, kuma ba duka masu hoton ne suka dawo gida da ƙafarsu ba. Saja Sila dai ya dawo da tasa, ko da yake ta hagun tana ɗan ja in sanyi ya shigo. Ƙuruciyarsa kaf a bariki ya ƙarar da ita, daga wannan gari zuwa wancan, har aka sallame shi da fansho da furfura. Ya tuɓe kaki, amma hali zanen dutse. Mutum ne da in ya ga tsinke a tsakar gida ba ya iya tsallake shi. Duwatsun ƙofar gidansa a jere suke, an shafe su da farar ƙasa, kajin matarsa Dinah ma sun san inda ba a takawa. 'Yan unguwa sukan tsokane shi cewa ko a coci ƙamewa yake yi, wai yana zaton Ubangiji zai sauko duba takalma. Ba ya musu, sai dai ya ce ai gara a tarar da mutum a shirye.

'Ya'yansa mata sun yi aure, biyu a Kanya, ɗaya a cikin gari. Maza biyu Allah ya ba shi. Babban, Ezekiel, shi ya bi sahun uban ya shiga soja, kuma ranar da ya fara zuwa hutu cikin kaki sai da Saja ya zagaya da shi unguwa gida-gida. Da kuɗin sallamarsa ya gina wa yaron nan gida a gefen nasa, ɗaki biyu da falo, don in ya yi aure ya sami wurin ajiye iyali. Ezekiel bai taɓa kwana a ciki ba. Can arewa maso gabas aka tura su, daga can kuma labari ya zo maimakonsa. Aka kulle ginin, ya yi shekaru a kulle. Dinah ko ɗibar ruwa za ta sai ta zagaya ta wancan gefen don kada ta ga ƙofar.

Ƙaramin, Ebenezer, ya gama kwalejin noma ya dawo gida yana jiran aikin da bai zo ba. Shi ne wata rana ya yi ta maza ya ce wa uban, ga gyaɗa ana kwasa daga Bena da ƙauyuka ana kaiwa wasu garuruwa, a matse ta a dawo musu da man da tsada, ga gini kuma yana ta tara gizo-gizo, me zai hana a mai da shi wurin matsar mai? Saja ya dube shi, ya tashi ya bar wurin. Kwanaki suka shuɗe, har yaron ya fid da rai. Sai wata safiya aka ji ƙarar guduma. Tsohon ne da kansa ya buɗe ginin ya fara dukan bangon da ya raba falo da ɗaki, yana duka hawaye na zuba, bai kuma yarda kowa ya karɓe shi ba sai da ya huda shi.

Mai da gidan kwana wurin inji ba wasa ba ne. Aka rushe bangayen ciki, aka ɗaga rufi don hayaƙi ya sami hanya, aka fasa daɓe aka zuba kankare mai kaurin da zai ɗauki girgiza, aka faɗaɗa tagogi, aka ja magudanar ruwa. Abin da ya rage na ajiyar Saja ya tafi, shanun nomansa ma suka bi baya. Injin kuwa a hannun Obiora aka saya, wani ɗan kasuwa daga kudu da ya fara sayar da kayan inji a Zuru tun kafin a haifi Ebenezer, wanda yanzu in ya je garinsu ma cewa yake zai koma gida.

Aiki ya kankama. Mata suna kawo gyaɗa a buhuna da kwanduna, ana soyawa ana matsewa, masu ƙuli-ƙuli da masu kiwo suna layin tunkuza. Ƙamshin man yana kaiwa har bakin titi. Dinah ta daina zagaye, har ta kafa kujerarta a bakin ƙofar tana aunar mai. Amma sana'ar man gyaɗa tana da sirri ɗaya da kowa ya sani: wanda bai sayi gyaɗa da kaka ya ajiye ba, to da bazara kallon inji zai yi. Ribar shekarar farko ba ta taka kara ta karya ba, ga shi kuma an ƙiyasta musu haraji a kanta. In aka biya shi yadda yake, abin da zai saura ba zai cika ko kusurwar sito ba.

A daidai wannan lokaci aka yi shelar ɗaukar sababbin sojoji. Ebenezer ya je shagon kwamfuta ya sa sunansa, sannan ya dawo ya durƙusa gaban uban.

"Baba, ba gudu nake ba. In mun sami gyaɗar ajiya, ina nan tare da kai. In kuwa inji zai tsaya rabin shekara, ba zan zauna ina cin fanshonka ba. Gara in tafi inda kowa ke tafiya."

To, me Saja zai ce? Mutumin da ya shekara arba'in yana yabon soja a kowace majalisa, yau ya buɗe baki ya ce wa ɗansa kada ya je? Ya ce, "Na ji," da muryar fareti. Amma gaskiyar magana tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a bakin daga. Ya ba da ɗa ɗaya, ba shi da ƙarfin ba da na biyu.

Obiora ne ya buɗe musu ido. Saja ya je sayen bel ɗin inji, fuska a murtuke, sai da mai shagon ya matsa masa sannan ya fayyace masa komai.

"Haba, Oga Saja!" in ji Obiora, ya tafa hannu. "Wannan gini da ka fasa ka gyara, ba kuɗi ka kashe ba? Ai akwai rangwame. In mutum ya mai da gini wurin sarrafa kaya, ana cire masa wani abu daga abin da ya kashe kafin a yanka masa haraji. Ba sadaka ba ne, doka ce. Ka je ofis ka nema, za su turo mutum ya zo ya duba ginin."

Haka aka yi. Suka nema, aka ce musu jami'i zai zo daga Birnin Kebbi, aka sa rana. Saja ya dawo gida da sauri har ƙafar hagun ta manta da ɗingishi. A duk bayanin da aka yi masa, kalma ɗaya ce ta zauna masa daram: za a zo dubawa. In dai dubawa ce, ai an zo gidanta. Shekarunsa nawa yana shirya ɗakunan kurata kafin manya su zagayo, ba a taɓa samun ƙura a tagar da ya duba ba.

Ya ba da oda. Aka sallami matan gyaɗa, aka ce su dawo bayan baƙo ya tafi. Aka kwashe buhuna da jarkoki aka kai can ɗakin ajiyar Obiora a kasuwa. Aka kwance bel, aka wanke inji da kananzir, aka goge shi har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Tsofaffin sojojin unguwa da suka ji labari suka fito da tsintsiya da bokitin farar ƙasa, kowa na murna an tuna da sana'arsa. Suka wanke kankare da omo, suka shafe bango ciki da waje, suka jera duwatsu tun daga titi. Babu wanda ya ce a tsaya a yi tunani. Ebenezer a bariki aka haife shi, shi ma bai ga aibu ba, shi ya hau tsani ya share rufi. Dinah kuwa ta ce babban mutum ba ya zama a kan benci, ta sa aka kwaso kujerun falonta da tebur da labule. Da ta ga injin ya tsaya tsirara a tsakiyar wurin, ta ɗauko farin mayafin tebur mai ado, na Kirsimeti, ta lulluɓe shi.

Ranar da aka sa, mota ta tsaya, wani siririn mutum mai farar riga da tabarau ya fito. Malam Arzika sunansa, Bakabe ne, mai sanyin magana. Saja ya tarbe shi cikin rigar da ta sha guga, ya ƙame ya sara masa, ya shige gaba ya buɗe ƙofa. Malam Arzika ya cire takalmi a bakin ƙofa, don wurin ya fi ƙarfin a taka da takalmi. Ya zauna, ya sha ruwa, aka gaisa, ya yaba tsafta. Saja sai ƙara miƙewa yake. Can baƙon ya gyara tabarau.

"To, Baba, mun gode da tarba. Yanzu sai a kai ni wurin aikin."

"Ai nan ne, Yallaɓai."

Malam Arzika ya dubi labule, ya dubi kujeru, ya dubi abin da ke ƙarƙashin farin mayafi. Ya shaƙi iska, ba abin da ya ji sai omo da farar ƙasa.

"Nan? Baba, ni abin da anka gaya mini, gida ne anka mai da wurin matsar mai. Wanga kuwa falo nika gani. Wa ke kwana ciki?"

"Ba kowa, sa!"

Ebenezer ya yi wuf ya yaye mayafin, ya ce ga inji nan, yanzu zai ɗaura bel ya tayar. Baƙon ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya, samari. Ka tayar ka matse mi? Ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ban gani ba. Ba ƙaryata ku nika yi ba, Baba, girmanka ya wuce nan. Amma na sha ganin wanda ya aro inji na yini guda don zuwana. Rangwamen ga, na ginin da aka aiki cikinai ne kullum, ba na gidan zama ba, ba na ɗakin baƙi ba. Ni kuwa abin da idona ya gani shi nika rubutawa. In na rubuta wanga, na cuce ku."

Garin neman gira an rasa ido. Da wani ne, da ya fara rantse-rantse da kiran shaidu, amma soja ba ya jayayya da mai duba shi. Saja ya tsaya ƙiƙam, kunnuwansa na zafi, ya ce, "Haka ne, sa." Malam Arzika ya dube shi, ga alama tsohon ya ba shi tausayi, dariya kuma na cinsa. Ya ce yana da zagaye a Dirin Daji da wasu wurare, in ya gama zai sake biyowa.

"Wace rana, Yallaɓai?"

"Ita ce ba ni faɗa maka, Baba. In na faɗa, fenti za ka sake yi."

Mota na tashi Dinah ta fara kwashe kujerunta. Ba ta yi masa gori ba, don da hannunta a ciki dumu-dumu, amma daga ranar ita ta karɓi mulki. Ta ce a wanke inda mai ke bi, a rufe abin da ake rufewa, wannan abinci ne, ba a wasa da shi. Amma farar ƙasa, da jeren duwatsu, da kwashe buhuna, duk wanda ya sake kawo maganarsu zai gamu da ita. Aka dawo da kaya daga kasuwa. Obiora ya yi dariya har ya riƙe ciki, yana cewa da ya sani da ya zo kallo. Aka aika wa matan gyaɗa, suka dawo suna mita.

Ba a taɓa azabtar da Saja Sila kamar a kwanakin nan ba. A ce za a zo duba ka, a kuma hana ka sanin rana, a hana ka shiri! Ya ga ɓawon gyaɗa ya taru a gindin bango, hannunsa na ƙaiƙayi, ido ɗaya kan tsintsiya ɗaya kan Dinah. Da ya ji ƙarar mota sai ya zabura neman riga, ta wuce, ya dawo ya zauna. Sati ya shuɗe, wani ya kama, ba Malam Arzika ba labarinsa.

Ranar tantance masu shiga soja kuwa sai matsowa take. Ebenezer ya fara fita gudu da sassafe. Saja yana kwance yana jin ƙafafunsa sun bi ta bayan gida sun nufi hanyar dutse. Abin da ya fi ci masa rai, kunnensa ya san gudu, kuma wannan gudun mai kyau ne, numfashi daidai, taku daidai. Da shi ke zaɓen sababbin sojoji, da ba zai bar irin yaron nan ya wuce shi ba. Ya tabbata in ya je sai sun ɗauke shi. A coci aka lura ya daina ƙamewa, yanzu sunkuyawa yake ya daɗe bai ɗago ba.

Ana saura 'yan kwanaki, wata ranar kasuwa da tsakar rana, aiki ya yi musu yawa. Zafi kamar a gasa gurasa. Mata sun cika wurin, biyu daga ciki suna cacar baki kan wadda ta riga zuwa. Tiyon da mai ke bi ya kuɓuce, man ya malale a kankare, Ebenezer na ƙarƙashin inji yana ɗaurewa. Saja daga shi sai singileti, mai har gwiwar hannu, tunkuza a gemu, yana zuba soyayyar gyaɗa da ƙwarya yana daka wa wata akuya tsawa, ta shigo tana cin rabonta. Ya juya zai karɓi kwandon mai bi, sai ya ga farar riga da tabarau a bayan mata. A kan kabu-kabu mutumin ya zo, shi ya sa ba a ji mota ba, kuma ga dukkan alamu ya jima a tsaye.

Saja ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A rayuwarsa babba bai taɓa riskarsa a irin wannan hali ba. Ya saki ƙwarya ya ƙame, ya kai hannu goshi, man gyaɗa ya gangaro masa ta gefen hanci.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, wurin ba kintse yake ba."

Malam Arzika bai ma saurare shi ba. Wannan karon da takalminsa ya shiga, yana taka mai yana tattare riga. Ya ɗora hannu a jikin inji ya janye da sauri don zafi. Ya ɗaga kai ya dubi baƙin da hayaƙi ya yi wa sabon fenti, ya duba kaurin kankare, ya tambayi inda bangayen da suke, Ebenezer ya nuna masa gurbinsu. Sannan ya juya ga ɗaya daga cikin matan da ke faɗa.

"Inna, tun yaushe kike kawo gyaɗa nan?"

"Tun kakar bara, ɗana. Sai kwanaki da sunka kore mu wai za su yi baƙo. Ko wane irin baƙo ne da ba ya son ganin gyaɗa, oho."

Malam Arzika ya tuntsire da dariya har tabarau na zamewa. Ya goge ido, ya dubi Saja da ke ƙame har yanzu.

"Baba, sauke hannu. Wanga shi ne ginin da nika nema. Gani ya kori ji. Abin da kunka kashe wurin gyara za a duba shi, a riƙa cire muku kashi-kashi, ba duka lokaci guda ba. Amma na bana zai sauƙaƙa muku ƙwarai, ku je ku sayi gyaɗarku."

Ya yi 'yan rubuce-rubucensa a tsaye, ya yi sallama, ya hau kabu-kabu da tabon mai a gindin farar rigarsa. Sai da ya ɓace sannan Saja ya bar ƙamewa. Ya zauna daɓas a kan buhu, ya sauke wata ajiyar zuciya da matan suka ji duk da ƙarar inji. Dinah ta ɗaga hannu sama ta ce, "Mun gode maka, Ubangiji." Akuyar ta ci gaba da cin tunkuza, ba wanda ya kore ta.

Amma fa Saja bai tambayi ɗansa komai ba. Yaro ya faɗi sharaɗinsa da bakinsa, an cika, sai dai zuciyar saurayi ba a yi mata alkawari, balle wanda ya riga ya ji daɗin gudunsa, abokansa kuma duk sun shirya. Tsohon ya ga bai dace ya roƙa ba, kuma yana tsoron amsar. Ebenezer shi ma ya ci gaba da harkarsa.

Ranar tantancewa, gari na wayewa samari suka fara wucewa ta titi, an yi aski tal, fararen singileti da gajeren wando, kowa da takardunsa a leda. Saja na zaune a ƙofar gida yana amsa gaisuwarsu yana sa musu albarka, da yawansu shi ya je sunansu. Bai leƙa ɗakin Ebenezer ba, ya kasa. Dinah ta fito da ƙwaryar gari da mudu a hannu ta tsaya a gefensa. Tuwon rana za ta auna, ta rasa na mutum nawa za ta auna, ita ma ta kasa leƙawa.

Suna nan a haka sai suka ji inji ya yi tari sau ɗaya, ya yi shiru, ya sake yi, sannan ya kama ruri. Duk gidan mutum ɗaya ne ya iya tayar da shi da sanyin safiya.

Saja ya rufe fuska da tafin hannu, samari na wucewa suna kallonsa bai damu ba. Can ya ɗago ya dubi matarsa.

"Maman Ezekiel," ya ce, "auna na mutum uku."